Amsar tambayoyin da kuka dame ni da su kan "harbin ƙarfe" a cikin kwamfuta

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na fara karatun nan na digiri na biyu nake shan tambaya, a majalisarmu ta bayan isha'i nan Bauchi, a gida, har teburin mai shayi, kowa da irin tasa. Wani yace bam nake haɗawa, wani kuma gani yake gem kawai nake bugawa tunda duk sanda ya leƙo sai yaga ƙwallaye masu kala suna tsalle a fuskar laftof. Baffana ma ranar nan cewa yayi, "ɗana wai kai injiniya ne ko maƙeri, kullum ƙarfe ƙarfe amma ko guduma ban taɓa ganinka da ita ba." Toh bakina ya gaji da maimaici, shine nace bari in tara tambayoyin wuri ɗaya in amsa, wanda ya sake tambaya sai in ce malam je ka karanta.

Wai a taƙaice me kake yi ne?

Ɗan guntun ƙarfe nake ginawa a cikin kwamfuta, ƙwayar zarra bayan ƙwayar zarra, wato atam, sai in zaɓi guda ɗaya in hankaɗe shi da ƙarfi irin yadda niyutiron, ɗan ƙwayar da ke fitowa daga tsakiyar atam, zai yi mishi a cikin tukunyar nukiliya, wato inda ake fasa yuraniyom don samun zafi, in koma gefe in kalli ɓarnar da zata biyo baya in ƙirga ta. Shikenan aikin fa.

Ƙarfe ai ƙarfe ne, in ba tsatsa ba me zai ci shi?

Da ido ƙarfe dunƙulallen abu ne, amma a ciki atam ne jere reras kowa da gurbinsa, kamar sahun Juma'a da aka daidaita gaba da baya da gefe, sai dai shi wannan sahun har sama da ƙasa yake tafiya. A baƙin ƙarfe ɗan ɗakin da jerin yake maimaitawa faɗinsa nanomita 0.287 ne, a jan ƙarfe 0.361, nanomita kuwa ka raba milimita ɗaya gida miliyan ka ɗau ɗaya. Yadda rodi yake lanƙwasuwa a hannun mai ɗaurin ƙarfe bai karye ba, duk daga jerin nan ne da yadda sahu yake iya zamewa a kan sahu.

Shi niyutiron ba shi da caji, saboda haka babu abinda yake janyo shi ko ya ture shi, yana iya ratsa santimitoci cikin ƙarfe bai taɓa kowa ba, sai can ya yi karo da tsakiyar wani atam gaba da gaba. Ma'aunin ƙarfin da muke amfani da shi a nan sunansa eV. Don ka gane girmansa, rawar da atam yake yi a gurbinsa saboda zafin ɗaki kusan eV 0.025 ce, abinda ake buƙata a tumɓuke atam ɗin baƙin ƙarfe daga gurbinsa ya ƙi komawa kuma kusan eV 40 ne, amma niyutiron mai gudu da ya fito daga fashewar yuraniyom, mai ɗauke da eV miliyan ɗaya, yana iya miƙa wa atam guda har kusan eV 70,000 a karo ɗaya. Kaga abin ya fi ƙarfin wasa.

In aka fitar da atam, abu biyu ne suke samuwa: gurbin da ya bari fayau, da shi kansa da ya je ya cusa kai a inda ba wurinsa ba, ni ɗan cushe nake ce mishi, irin mutumin nan da zai zo a makare ya matse tsakanin mutum biyu kowa ya rasa yadda zai yi sujada. Gurbi da ɗan cushe tare ana kiransu da sunan Yakov Frenkel, masanin Rasha da ya bayyana su a 1926.

To atam ɗaya ne fa, meye abin tashin hankali?

Ai ba shi kaɗai yake tafiya ba. Wanda ya taɓa tsayawa gidan sunuka ya san bugun farko, ƙwallo ɗaya ta tarwatsa tarin nan gaba ɗaya. Wanda aka fara buga, a takardu PKA ake rubuta shi, sai ya afka wa na gabansa, su ma su afka wa wasu, kafin ka ce kwabo dubban atam sun bar gurbinsu, ni turmutsutsu nake kiran abin don babu kalmar da ta fi dacewa da abinda nake gani.

Nan ne wurin da nake so ku tsaya ku kalla da ni. Lokacin da muke magana a kai fikosakan ne, sakan ɗaya a raba shi gida tiriliyan. A ƙasa da fikosakan ɗaya an gama karo da juna, tsakiyar wurin ta hargitse babu sahu babu alamarsa, zafin wurin ya kai dubban digiri, a zahiri ɗan wurin nan mai faɗin nanomita kaɗan ya narke ya zama kamar ruwa alhali kewayensa duk sandararren ƙarfe ne. Sai kuma sanyin kewayen ya fara shanye zafin, sahu ya fara dawowa daga gefe yana matsowa tsakiya, kana kallo jajayen ɗigon da ke nuna ɓarna suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana faɗawa gurbin da ya samu ko da ba nasa bane tun asali, tunda atam ɗin ƙarfe duk iri ɗaya ne babu mai cewa tashi wurina ne. Wajen fikosakan 10 komai ya lafa. Ranar da na fara ganin wannan wallahi sau ya fi ashirin na maimaita bidiyon, dubban da suka tashi amma ƙarshe ɗan tsiraru ne suka rage, guraben sun fi taruwa a tsakiya, ƴan cushen an watso su gefe. Wani masani J. A. Brinkman tun 1954 ya yi hasashen wannan fasalin da biro da takarda, kwamfuta ta zo daga baya ta ce ya yi gaskiya.

Yawancin ɓarnar ƙarfen ne yake gyara abinsa da kansa. Ragowar nan da ba ta warke ba, ita ce take tarawa shekara da shekaru, ita kuma muke bi muna ƙirgawa.

Ita kwamfutar ta ina ta san yadda atam yake motsi?

Bata sani ba, faɗa mata ake yi. Dokar Newton ce dai wadda muka yi a sakandare, ƙarfi daidai yake da nauyi sau saurin ƙaruwar gudu. Ta lissafa yadda maƙwabta suke ja ko ture kowane atam, ta matsar da shi ɗan kaɗan, ta sake lissafi, ta sake matsarwa, haka dai har ka gaji. Kowane taki kusan femtosakan ɗaya ne, wato fikosakan ɗin ma a raba shi gida dubu, a farkon turmutsutsun kuma dole a ƙara rage takin sosai saboda gudun PKA ya yi yawa.

Asalin sirrin yana wajen abinda muke cewa fotenshal, dokar ja da turi tsakanin atam da atam. A ƙarfe ba a iya cewa wane da wane kawai, domin elektiron ɗin ƙarfe na gayya ne, suna yawo tsakanin kowa, ƙarfin da atam yake riƙe maƙwabcinsa ya danganta da yawan maƙwabtan da yake da su. A 1984 Murray Daw da Michael Baskes a cibiyar Sandia ta Amurka suka fito da hanyar da ake kira EAM da ta lura da wannan, Finnis da Sinclair a Ingila su ma suka fito da mai kama da ita a shekarar. In kuma atam biyu suka matso dab da juna a karo, sai a haɗa da wata doka daban ta Ziegler da Biersack da Littmark, ZBL a taƙaice, a ɗinke su biyun. Ɗinkin nan in ba a yi shi da kyau ba sakamakonka ya tashi aiki.

Wa ya fara wannan abin?

Damuwar ta riga kwamfutar. A 1942 lokacin da ake haɗa tukunyar farko a Shikago, Eugene Wigner ya yi gargaɗi cewa niyutiron zai dinga fitar da atam daga gurbinsu a cikin girafait ɗin tukunyar, har aka dinga kiran abin cutar Wigner. Girafait ba ƙarfe bane, ɗan uwan gawayi ne, irin bakin fensir, amma matsalar ɗaya ce. A watan Oktoba na 1957 gobara ta tashi a tukunyar Windscale ta Ingila daidai lokacin da ake ɗumama girafait ɗin don a saki ƙarfin da ɓarnar ta tara a ciki.

Kwaikwayon kwamfuta na farko a kan ƙarfe kuwa George Vineyard ne da abokan aikinsa Gibson da Goland da Milgram a cibiyar Brookhaven ta jihar Niyok, suka wallafa a 1960. Jan ƙarfe suka yi, atam kusan 500 kacal, a kan IBM 704, na'urar da ta cika ɗaki amma wayar da ke aljihunka ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk da haka sun ga abinda har yau muke gani: wani lokaci atam ya bugi na gabansa ya zauna a gurbinsa, wancan ya bugi na gaba ya zauna a nasa, haka turin zai bi layi ɗaya har can nesa na ƙarshe ya rasa wuri ya zama ɗan cushe, kamar benci a ɗaurin aure in aka ce a matsa, na bakin ƙarshe ne yake faɗuwa. Sun kuma ga wuyar fitar da atam ta danganta da ta wace fuska ka bugo shi.

Me zai hana a sa ƙarfen gaske a tukunyar gaske a gani?

Ana yi, kuma shine alƙali. Tashoshin nukiliya suna rataye ƙananan guntayen ƙarfe irin na jikin tukunyar a ciki, bayan wasu shekaru a ciro a karya a auna. Amma jira ne na shekaru, ƙarfen ya fito shi kansa yana fitar da tururin nukiliya, wato radiyeshin, sai ta bayan gilashi mai kauri ake taɓa shi da hannun inji, ga tsada. Akwai kuma harbi da ayon, wato atam mai caji, a na'urar da ke ba shi gudu, yana sauri amma ɓarnar a fatar ƙarfen kawai take tsayawa. Uwa uba babu madubin da zai leƙa cikin ƙarfe ya ɗauko maka abinda ya faru cikin fikosakan 10, sai dai ka zo bayan an watse ka ga sawu. Kwamfuta ce kaɗai take ba ka damar zama a wurin lokacin da abin yake faruwa.

Naji kana yawan cewa dpa, meye shi?

Mudun awon ɓarna ne. In aka ce dpa 1, a lissafi kowane atam na ƙarfen an tashe shi daga gurbinsa sau ɗaya. Bangon babbar tukunya a shekara 40 yawanci baya kai dpa 0.1, kayan da ke can ciki kusa da makamashin yuraniyom suna shan gommai, a wasu tukwanen masu niyutiron mai gudu har sama da 100. Ka yi tunani, kowane atam an tashe shi sau ɗari amma ƙarfen yana nan a tsaye da siffarsa, in ba don wancan gyaran kai da na faɗa ba da tuni ya zama gari.

Ƙa'idar ƙirgar ta fara daga Kinchin da Pease a 1955, sai Norgett da Robinson da Torrens suka gyara ta a 1975, ita ake kira NRT har yau ake aiki da ita. Mai sauƙi ce: ka ɗau ƙarfin da ya tafi wajen ɓarna ka ninka da 0.8 ka raba da ninki biyu na eV 40 ɗin nan. In eV 10,000 ne a baƙin ƙarfe amsa 100 kenan. Amma in na yi shi a kwamfuta abinda yake saura bayan an lafa wajen 30 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ba ni kaɗai ba, shekara da shekaru haka kowa yake samu. Ita NRT bata san da narkewa da komawa sahu ba. Shi yasa a 2018 Kai Nordlund na jami'ar Helsinki a Finlan da tawagarsa suka kawo gyara da suke kira arc-dpa. Ni a ganina NRT kamar mudun kasuwa ne, kowa ya san ba ya cika daidai amma tunda da shi kowa yake awo sai a iya kwatanta ciniki.

To in ɓarnar ta taru me ido zai gani?

Na farko gautsi. A cikin kowane ƙarfe akwai wuraren da rabin sahu ya shigo ya ƙare a tsakiya, kuma gusawar waɗannan rabin sahun ita ce lanƙwasuwa, kamar in ledar ɗaki ta yi tudu ka dinga tura tudun da ƙafa har bango. Ƴan cushe da gurabe in suka dunƙule sai su zama shinge a hanya, tudun ya kasa wucewa, ƙarfen ya ƙara tauri amma ya daina haƙuri, maimakon ya lanƙwashe sai ya tsage farat ɗaya kamar tangaran. Baƙin ƙarfe dama yana da wani zafi da in aka sauko ƙasa da shi yake yin gautsi, radiyeshin sai ya dinga ɗaga wannan iyakar sama.

Wani mutumina mai walda a wajen kasuwar Muda Lawal da na ba shi labarin nan, abinda ya fi kama shi shine maganar jan ƙarfe. A tsofaffin tukwane wayar waldar da aka yi amfani da ita an shafe ta da jan ƙarfe don kar ta yi tsatsa, ɗan kaɗan ɗin nan ya shiga ɗinkin, radiyeshin ya taimaka mishi ya dinga tattaruwa ƙulli ƙulli masu faɗin nanomita biyu uku, suka zama shinge, ɗinkin waldar ya riga sauran jiki yin gautsi. Sai wajen farkon shekarun 1970 aka farga aka fara taƙaita shi. Cewa yayi "malam ai dama ko ƙofa ce a wajen ɗinki take fara mutuwa."

Na biyu kumburi. A 1967 Cawthorne da Fulton suka duba ƙarfe marar tsatsa da ya fito daga tukunyar Dounreay a Sikotlan suka tarar da ƙananan ramuka fal cikinsa. Dalili shine rabin sahun nan sun fi son haɗiye ƴan cushe fiye da gurabe, sai guraben da suka yi saura su haɗu su zama kogo, ƙarfen ya kumbura, wani har sama da kashi 10 cikin 100. Ga kuma iskar hiliyom da niyutiron yake haifarwa in ya shiga cikin nikel ko boron, ita bata narkewa a ƙarfe, sai ta shige kogon ta zauna ta hana shi rufewa.

Tsakani da Allah ba bam kake haɗawa ba?

A'a. Aikina na ganin tukunya bata tsage bane. Laftof ɗin kuma babu abinda yake fitarwa sai zafin fanka, lambobi ne kawai a ciki, Inna ki daina hana yara shiga ɗakin.

Radiyeshin ɗin waya ko hoton asibiti yana lalata ƙarfe haka?

Na waya ko kusa, ƙarfinsa bai kai ya ɓanɓare elektiron ba balle ya tumɓuke atam sukutum. Hoton ƙashi na asibiti yana iya taɓa elektiron, shi yasa ake kiyaye jikin mutum, amma a ƙarfe elektiron na gayya ne nan take wani ya cike wurin, atam ɗin kuma yana nan daram. Mai ƙarfe a ƙafa ya kwantar da hankalinsa.

Za a iya yarda da abinda kwamfutar ta nuna kuwa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce, kuma malamina ne ya fi yi min ita. Hoto mai kyau yana da ruɗi, zaka ga bidiyo tsaf kamar gaske alhali fotenshal ɗin da ka zuba gurgu ne, abinda ka shuka shi zaka girba. Misali na gaske: a baƙin ƙarfe ɗan cushe yana raba gurbi ɗaya da wani atam, su biyu kamar goyo, kuma fuskar da suka kalla tana da muhimmanci. Tsofaffin fotenshal sun nuna kamar juyawa daga wata fuska zuwa wata abu ne mai sauƙi, sai a farkon shekarun 2000 da aka yi lissafi mai zurfi na elektiron, wanda ake kira DFT, aka ga tazarar ta kai kusan eV 0.7, wato ɗan cushen baya yawo yadda aka zata. Dole Mendelev da abokansa suka sake sabon fotenshal a 2003. Duk wanda ya gina gini a kan tsohon sai da ya koma ya duba.

Shi DFT ya fi gaskiya amma atam ɗari kaɗan yake iya ɗauka, turmutsutsu kuma yana son dubu ɗaruruwa ko miliyoyi. Yanzu abinda ake yayi shine a koya wa na'ura amsoshin DFT masu yawa ta fitar da fotenshal da kanta, Behler da Parrinello suka buɗe hanyar a 2007, ƴan Kambirij suka kawo tasu mai suna GAP a 2010, ƴan Helsinki suka yi na ƙarfen tongistin don aikin radiyeshin a 2019. Yana da kyau sosai amma nauyinsa ya ninka EAM sau ɗaruruwa, kuma in ya haɗu da yanayin da ba a koya mishi ba sai ya zuba maka shirme da cikakken ƙarfin hali, ba zai ce ban sani ba.

Kai fikosakan 10 kake gani, tukunya kuma shekara 40 zuwa 60 zata yi, ina haɗin?

Nan ne gizo yake saƙar. Sakan ɗaya tak taki miliyan sau biliyan ne. A ce kwamfutarka tana taki 100 duk sakan, kafin ta gama kwaikwayon sakan ɗaya an yi sama da shekara 300,000. Saboda haka ba a ma gwadawa, miƙa-miƙa ake yi kamar tumatir daga fadama, mai amalanke ya kai bakin titi, a-kori-kura ta kai kasuwa, tirela ta wuce da shi Kudu. DFT ya ba da dokar atam, namu lissafin ya ba da ragowar ɓarnar turmutsutsu ɗaya, sai a miƙa wa wata hanya mai suna Monte Carlo wadda bata bin kowane atam, gurabe da ƴan cushe kawai take bi tana jefa ƙuri'a wa zai yi tsalle yanzu, ita tana kaiwa sakanni har awanni, daga nan lissafin tari ya kai shekaru, ƙarshe injiniya ya karɓa ya ce bangon zai jure ko ba zai jure ba. Sunan garin caca ne na Monako aka ba ta amma ba caca muke ba, kar a kai ni Hisba. Matsalar miƙa-miƙa dai kun santa, kwandon da ya ruɓe tun daga gona haka zai isa Legas.

Me yasa kwanan nan bakinka baya rabuwa da tongistin?

Saboda ITER, babbar na'urar da ake ginawa a Kadarash kudancin Faransa don gwada samun wuta ta hanyar haɗe ƙwayoyi irin yadda rana take yi. Tongistin shine zaren cikin tsohon ƙwan lantarki mai jan haske, sai digiri 3,422 yake narkewa, shi yasa aka zaɓe shi ya zauna inda zafi ya fi tsanani. Amma niyutiron ɗin can eV miliyan 14 yake ɗauke da shi, kuma tongistin dama mai gautsi ne tun ba a taɓa shi ba, a hankali ma niyutiron yana juya wani sashensa ya koma wasu ƙarafa, reniyom da osmiyom. Babu wurin gwaji a yau mai irin wannan niyutiron da yawan da ake buƙata, kaga dole a jingina da kwamfuta.

Mu da ko wutar ƙwan ɗaki bata ishe mu ba, ina ruwanmu?

Da yawa basu san muna da tukunyar nukiliya a Arewa ba. Tana cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, NIRR-1, ƴar ƙarama ƙirar Sin mai kusan kilowat 30, ta fara aiki a 2004, a 2018 aka canza mata makamashi zuwa yuraniyom marar ƙarfi sosai. Bata ba da lantarki, awon sinadaran ƙasa da ma'adinai da abinci ake yi da ita. An kuma daɗe ana maganar babbar tasha a Geregu ta Kogi da Itu ta Akwa Ibom. Ko za a gina ko ba za a gina ba wannan na manya ne, ni dai abinda na sani in ranar ta zo, wanda zai sayar maka da tukunyar da jikokinka zasu gada zai ce ƙarfenta lafiya lau, in babu ɗan gida da ya san me zai tambaya to cinikin biri a sama aka yi. Ban da haka hanyar lissafin nan ita ce dai ake bi wajen nazarin batir da fanel ɗin sola da kayan tauraron ɗan adam.

Laftof ɗina zai iya? Daga ina zan fara?

Zai iya ƙanana. Manhajar da yawancinmu muke amfani da ita LAMMPS ce ta Sandia, kyauta ce, sai OVITO ta kallon sakamako, sai SRIM in kana son saurin sanin zurfin da ayon zai shiga. Atam miliyan ɗaya na baƙin ƙarfe ɗan akwati ne mai faɗin nanomita 23 kacal, amma ya isa turmutsutsu matsakaici. Ka fara da eV 1,000 da atam dubu talatin ko hamsin, ka koyi Linux da ɗan Python.

Kurakuraina kuma ga su kyauta. Na farko ban rage taki ba, atam biyu suka faɗa cikin juna, lissafi ya haukace ya cilla su waje, manhajar ta tsaya ta ce atam sun ɓata, kwana biyu ina neman inda suka shiga. Na biyu akwatin ya yi ƙarami, shi kuma an saita shi ne wanda ya fita ta gabas ya shigo ta yamma, sai turmutsutsun ya zagayo ya bugi ƙeyar kansa, na samu lambobi masu ban mamaki har na fara murna na gano sabon abu. Na uku shine ya fi ciwo, lissafi ya kwana biyu yana tafiya a watan Afrilu, zafin Bauchi ga fanka tana kuka na ɗora laftof ɗin kan murfin tukunyar girki don ya sha iska, aka ɗauke wuta da rana batir ya mutu wajen la'asar, ban sa ta dinga ajiye inda ta kai ba, komai ya tafi. Ka sa ta ajiye duk bayan ɗan lokaci. Kuma turmutsutsu ɗaya ba sakamako bane, kowanne da kalarsa, sai ka maimaita sau ashirin ko fiye ta fuskoki daban daban ka ɗau matsakaici.

Ƙarfen da ya riga ya yi gautsi ana iya dawo da shi?

Ana iyawa zuwa wani mataki, da zafi. In ka ɗumama shi gurabe da ƴan cushe suna samun ƙarfin yawo, su haɗu su kashe juna, ƙananan ƙullin su warware. An yi wa tukwane da dama ƙirar Sobiyet samfurin VVER-440 haka, har da ta Loviisa a Finlan a 1996, aka fitar da makamashin aka zura na'urar ɗumamawa aka riƙe wajen ɗinkin a kusan digiri 475 na kwanaki, sannan aka bar shi ya huce a hankali. Kumburi dai in ya yi nisa sai canji.

Baffa ne ya ja ni wajen wani tsohon maƙeri abokinsa wai in maimaita wannan bayanin a gabansa. Yana zaune yana gyara bakin fartanya yaro yana mishi zuga, ya saurare ni har na gama, yace "to ɗan nan ai mu ma in ƙarfe ya sha guduma ya yi taurin kai wuta muke mayar da shi, mu binne shi a toka ya kwana." Nace Baba digiri nawa kuke kaiwa? Ya ɗago ƙarfen da awartaki ya juya shi a inuwa, yace in ya yi ja kamar gauta ya isa.